Ƙananan Kalmomi a Manɗiƙin Lissafi: Tsokaci Domin Masu Shirin Jarrabawar Ilmin Kwamfuta

Duk ɗalibin da ya shiga fagen ilmin kwamfuta, tun bai yi nisa ba zai gamu da wani darasi da ake kira manɗiƙin lissafi, watau ilmin auna magana da hujja ta hanyar alamomi irin na lissafi. Da yawa daga cikin ɗalibai sukan razana da ganin baƙin alamomin nan, har su ɗauka nan ne wahalar take. Amma wanda ya zauna ya duba irin tambayoyin da akan yi a jarrabawa zai tarar alamomin ba su fi a haddace su a yini guda ba. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen wasu ƙananan kalmomi da muke furtawa kullum ba tare da mun tsaya mun auna su ba, watau "kuma", "ko", "idan", "sai", "duk" da "wani". A wannan maƙala za mu ɗauki kalmomin nan mu ga inda ma'anarsu a bakin Bahaushe ta dace da ma'anarsu a manɗiƙi, da kuma inda suka raba hanya.

Kafin nan ya kamata mai karatu ya sani cewa manɗiƙi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Aristotal na Yunan ne ya fara tsara shi, fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, sa'an nan malaman Larabawa suka fassara shi suka faɗaɗa. Shaihu Muhammadu bin Abdulkarim Almagili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi rubutu a kan wannan fanni, har ya yi jayayya a rubuce da Jalaluddin Suyuɗi na Masar, wanda ke ganin bai kamata a karanta shi ba. Haka kuma Abdurrahman na Aljeriya, mai littafin nan na ibada da kowane almajiri ya sani da sunan Ahalari, shi ne ya wallafa Sullam a ƙarni na 16, littafin manɗiƙi da aka daɗe ana karantawa a zaurukan malamai. Abin da ya sauya daga baya shi ne George Boole na Ingila ya mai da manɗiƙi lissafi a littattafansa na 1847 da 1854. A 1937 kuma Claude Shannon na Amurka ya nuna cewa ana iya aiwatar da lissafin Boole da makunnan lantarki. A kan wannan harsashi aka gina kwamfuta.

Tushen abin kuwa mai sauƙi ne. Manɗiƙi yana aiki da jumlar da za a iya cewa gaskiya ce ko ƙarya ce, kamar "An yi ruwa jiya a Zariya". Tambaya da umarni da roƙo ba sa cikin lissafi. Akan ba kowace jumla harafi, kamar p ko q, a sa 1 a madadin gaskiya, 0 a madadin ƙarya, sa'an nan a duba yadda gaskiyar babbar jumla ta rataya a kan gaskiyar ƙananan da aka haɗa ta da su.

Kalmar haɗi ta farko ba ta da rikici sosai, sai dai akwai abin lura game da Hausa. Turanci yana da kalma guda mai haɗa sunaye da jumloli gaba ɗaya, Hausa kuwa ta raba aikin: "da" tana haɗa sunaye, "kuma" tana haɗa jumloli. Muna cewa "Audu da Binta", amma sai mu ce "Audu ya zo, kuma Binta ta tafi". Haɗin manɗiƙi na jumloli ne, saboda haka "kuma" ce fassararsa. Jumlar "p kuma q" ba ta zama gaskiya sai dukansu biyu gaskiya ne, kamar makunni biyu a jere kan waya ɗaya: in ɗaya yana kashe, fitila ba za ta kama ba. Har ila yau, "amma" a manɗiƙi daidai take da "kuma". Mamakin da ke cikin "Ya yi karatu amma ya faɗi" na mai magana ne, ma'aunin gaskiya bai san da shi ba.

Kalmar "ko" ta fi wannan santsi. Idan mai masauki ya ce wa baƙo "Fura ko kunu?", kowa ya san ɗaya ake nufi. Amma idan aka rubuta cewa za a ɗauki wanda ya iya Larabci ko Faransanci aiki, babu mai hankalin da zai kori wanda ya iya duka biyun. Wannan "ko" ta biyu, mai karɓar duka biyu, ita ce ta manɗiƙi, kuma ba ta zama ƙarya sai p da q duk sun zama ƙarya. Waccan ta fura da kunu tana da alamarta dabam, kuma a Hausa mukan ƙarfafa ta da "ko dai… ko kuwa", ko "imma… imma". Ɗalibi ya riƙe cewa muddin tambaya ba ta fito fili ta ce ɗaya kaɗai ba, to mai karɓar duka biyu ake nufi.

Yanzu mun zo ga kalmar da ta fi kowace cin maki, watau "idan". Mu ɗauki alkawarin uba ga ɗansa:

(1) Idan ka ci jarrabawa, zan saya maka keke.

Yaushe za a ce uban nan ya saɓa alkawari? Idan yaro ya ci, aka saya, alkawari ya cika. Idan ya ci, ba a saya ba, an saɓa. Idan ya faɗi, ba a saya ba, babu laifi. To, idan ya faɗi, uban kuma ya ji tausayinsa ya saya masa fa? Nan ma ba a saɓa kome ba, domin uban bai ce kome ba game da abin da zai faru in an faɗi. Ashe ke nan a cikin hali huɗu, a hali ɗaya tak jumlar take zama ƙarya: sharaɗi ya tabbata, sakamako bai biyo ba. Daga nan ne wata ƙa'ida mai ban mamaki ta fito, cewa duk jumlar da sharaɗinta ƙarya ne, manɗiƙi yana ƙirga ta a gaskiya, kome rashin kan gadon abin da ya biyo baya. Kunnen Bahaushe ba ya son wannan, domin mu a zance muna sa ran a sami dangantaka tsakanin sharaɗi da sakamako. Ni kaina ina ganin da an zaɓa wa alamar wani suna dabam da an rage wa ɗalibai wahala. Amma haka aka tsara, kuma haka mai jarrabawa zai auna.

Daga jumla mai "idan" hujja biyu ne kawai ingantattu. Mu ce: idan aka yi ruwa, tsakar gida za ta jiƙe. An yi ruwa, saboda haka ta jiƙe. Wannan daidai ne. Ba ta jiƙe ba, saboda haka ba a yi ruwa ba. Wannan ma daidai ne, kuma ita ce ɗalibai suka fi mantawa. Sauran biyun tarko ne. Wanda ya ce "Ta jiƙe, ashe an yi ruwa" ya manta cewa tulu yana fashewa. Wanda ya ce "Ba a yi ruwa ba, ashe ba ta jiƙe ba" shi ma tulun ne ya manta.

Kada mai karatu ya zaci wannan rauni na marasa ilmi ne. A 1966 wani masanin halayyar ɗan Adam a Ingila, Peter Wason, ya fito da gwaji na kati huɗu. Kowane kati yana da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗayar. Mu ce abin da ake gani shi ne A, K, 4 da 7, doka kuwa ita ce: idan kati yana da wasali, to lambar da ke bayansa cika ce, watau tana rabuwa biyu daidai. Waɗanne katuna ne tilas a juya domin a tabbatar ba a karya dokar ba? Mafi yawan waɗanda aka gwada, har da ɗaliban jami'a, suka zaɓi A kaɗai, ko A da 4. Amsa ita ce A da 7. Kome ke bayan 4 doka ba ta karye ba, amma in aka sami wasali a bayan 7 ta karye. Yanzu a sāke wa tambayar tufa. Doka ta ce mai tuƙa mota sai ya kai shekara 18. Ga mutum huɗu: ɗaya yana tuƙi, ɗaya yana tafiya a ƙasa, ɗaya shekararsa 40, ɗaya shekararsa 15. Wa za a bincika? Kowa zai ce mai tuƙin da ɗan shekara 15. Tambayar ɗaya ce sak da ta katunan. Dabara ga ɗalibi ita ce, duk sa'ad da p da q suka rikita shi, ya mai da su doka irin ta mutane, ya tambayi kansa wane ne zai iya karya ta.

A wajen "sai" kuwa, Hausa ta yi wa ɗalibinta gata. Akwai bambanci tsakanin sharaɗin da ya wadatar da sharaɗin da ya zama tilas, kuma masu jarrabawa suna son wannan wuri ƙwarai. Dubi waɗannan:

(2) Idan kana da tikiti, za ka shiga.
(3) Ba ka shiga sai kana da tikiti.

Ta (2) ta ce tikiti ya isa, ba ta hana wani ya shiga ta wata hanya ba. Ta (3) ta ce tikiti tilas ne, ba ta yi alkawarin cewa duk mai tikiti zai sami wuri ba. A alamance, ta (3) ita ce "idan ka shiga, to kana da tikiti", watau kibiyar ta juya baya. Karin maganar nan ta "Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare" wannan gini gare ta: ƙarewar miya tilas ce kafin a sani. In aka haɗa (2) da (3) wuri guda, an sami sharaɗi mai kai da komowa, inda jumlolin biyu suke tashi tare su faɗi tare.

Saura korewa. Augustus De Morgan, abokin zamanin Boole, sunansa ya bi ƙa'ida biyu: korewar "p kuma q" ita ce "ba p ba, ko ba q ba", korewar "p ko q" kuwa ita ce "ba p ba, kuma ba q ba". Amfanin wannan ya wuce ɗakin jarrabawa. A ce makaranta tana ɗaukar wanda ya ci Lissafi kuma ya ci Turanci, aka sa mai tsara umarnin kwamfuta ya fitar da sunayen waɗanda ba su cancanta ba. In ya rubuta "bai ci Lissafi ba kuma bai ci Turanci ba", duk wanda ya faɗi darasi ɗaya kaɗai zai sulale ya shige. Na'urar ba za ta yi ƙorafi ba, abin da aka gaya mata ta yi.

Wannan ƙa'ida ce ta miƙe har zuwa "duk" da "wani", waɗanda Gottlob Frege na Jamus ya shigar da su cikin tsarin alamomi a 1879. Korewar "Duk ɗalibai sun ci" ita ce "Akwai wanda bai ci ba". Ba ita ce "Babu wanda ya ci" ba. Bahaushe ya san wannan sarai, domin da ya ce "Ba kullum ake kwana a gado ba", bai ce ba a taɓa kwana a gado ba. Dare ɗaya a tabarma ya isa ya gaskata maganar. Haka nan jerin kalmomin yana sauya ma'ana. "Kowace ƙofa tana da mabuɗin da ke buɗe ta" magana ce ta kowane gida. "Akwai mabuɗin da ke buɗe kowace ƙofa" magana ce da za ta hana mai gida barci. Daga ta biyu ana iya fitar da ta farko, amma daga ta farko ba a fitar da ta biyu.

Game da yadda za a yi atisaye, abin da aka fi koya wa ɗalibai shi ne jadawalin gaskiya, inda ake jera kowane hali mai yiwuwa a duba. Hanya ce da ba ta kuskure, amma tana cin lokaci, domin duk jumlar da aka ƙara sai layuka su ninka: jumla 2 layi 4, jumla 3 layi 8, jumla 10 layi 1,024, jumla 20 layi 1,048,576. Ko akwai hanya mai sauri da za ta warware kowace irin wannan tambaya, shi ne abin da aikin Stephen Cook na 1971 ya tayar, kuma tun shekarar 2000 aka sa ladan dala miliyan 1 ga wanda ya warware matsalar. A ɗakin jarrabawa, abin da ya fi shi ne a yi ƙoƙarin karya hujjar: a ɗauka sakamakon ƙarya ne, a ga ko sharuɗɗan za su iya zama gaskiya duka. Alal misali:

(4) Idan Tanko ya je kasuwa, Ladi za ta yi girki. Idan Ladi ta yi girki, baƙi za su kwana. Baƙi ba su kwana ba. Saboda haka Tanko bai je kasuwa ba.

A ɗauka sakamakon ƙarya ne, watau Tanko ya je kasuwa. Jumla ta farko ta tilasta Ladi ta yi girki, ta biyu ta tilasta baƙi su kwana, ta uku kuwa ta ce ba su kwana ba. An ci karo, saboda haka hujjar ingantacciya ce, kuma an gane haka da taki uku maimakon layi 8. Mai karatu ya sauya jumla ta uku ta koma "Baƙi sun kwana", sakamakon kuma ya koma "Tanko ya je kasuwa", ya sāke gwadawa. Zai tarar Tanko yana iya zama a gida, baƙi su kwana, ba tare da ko jumla ɗaya ta karye ba.