Adashe, Baro da Shebur: Masu Riƙe da Unguwar Briketeri

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 Shirinmu na musamman ya yada zango yau a Yawunde, babban birnin Kamaru, a unguwar Briketeri, wadda 'yan gari ke taƙaitawa su ce Birik.

Duk wanda ya taso daga shataletalen Warda, ya bar katafaren zauren wasannin nan da 'yan Sin suka gina aka buɗe a 2009, ya fara hawan tudu, hancinsa ne zai fara gaya masa inda ya shigo. Hayaƙin tsire ya turnuƙe bakin titi, har mutanen Yawunde suka raɗa wa wurin suna Ma'aikatar Soya, domin soya suke ce wa tsire. Ga shagunan shadda da atamfa, ga teloli sun duƙufa kan keken surfani, ga babban masallacin unguwa da ke tsaye tun shekarun 1950. Wannan ita ce Birik ɗin da baƙo ke gani. Amma da zarar an bar kwalta aka kutsa lungu, inda mota ba ta shiga, wani wurin ma babur sai an lallaɓa, tambayar da ke zuwa ita ce: wa ke kwashe shara a nan? Wa ke ba mai tuyar ƙosai jari? Idan baƙo ya rasu cikin dare, wa ke sayen likkafani?

Amsar ba ta da ofis, ba ta da allo a bakin ƙofa. Ƙananan ƙungiyoyi ne, na mata goma sha biyu, na mahauta, na samarin layi ɗaya, na 'yan asalin gari ɗaya. Da yawansu ko suna ba su da shi.

Abin ya samo asali. Ƙasar nan ta ƙabilar Ewondo ce, sunanta na da Ekoudou, kuma masana'antar bulo ta zamanin Turawa ce ta ba ta sunan da ta amsa yanzu. Jamusawa sun kafa sansaninsu a Yawunde a 1889, ba a daɗe ba fataken Hausa suka biyo hanyar kudu suna neman hauren giwa da roba da goro. Hukumar mulkin mallaka ta yi ta ɗaga su daga wannan wuri zuwa wancan yayin da gari ke faɗaɗa, har suka tabbata a nan cikin shekarun 1930, zamanin Faransawa. Daga baya Fulani suka zo, da Barebari, da Bamun na Fumban, da mutanen Nijeriya, Nijar, Cadi, Mali da Senegal. Mutanen kudu kuwa duk wanda suka gani da babbar riga da hula, Bahaushe ne a wurinsu.

Baƙon da ya sauka a irin wannan zango ba shi da gona, ba shi da dangi kusa. Abin da yake da shi shi ne mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kuɗi, ya tsaya masa idan zai karɓi kaya bashi. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan: shanu na dubban fam suna sauya hannu ba takarda ko ɗaya, domin wanda ya ci amana a Sabo labarinsa zai riga shi isa kowane zango. Haka abin yake a Zangon Kumasi, haka yake a New Bell ta Duwala, haka kuma a Birik.

(Sautin hirar mata a tsakar gida)

Mu leƙa wani tsakar gida da la'asar ɗin Lahadi. An shimfiɗa tabarma, takalma sun taru a bakin ƙofa, uwar adashe ta zauna da littafin makaranta mai bango ja-ja da biro ɗaure da zare. A ce hannu goma ne, kowane hannu zubin sefa dubu biyar a mako. Ana kiran suna, mai suna ta kwance bakin zane ko ta buɗe jaka, ta ajiye kuɗinta a faranti kowa na gani. Wadda ba ta samu zuwa ba ta aiko 'yarta, da saƙon "a gaida Hajiya, ga nawa". Uwar adashe ta ƙirga sau biyu, da ƙarfi, ta ɗaure dubu hamsin da roba ta miƙa wa mai kwasa. Wata tana da hannu biyu, don haka sau biyu za ta ɗauka kafin a zagayo. Idan kuma wata ta wayi gari da mara lafiya a asibiti, sai ta roƙi mai layin makon ta yi mata musaya, kuma da wuya a hana ta.

Dubu hamsin ba ta sayen gida. Amma tana sayen buhun fulawa da jarkar mai, tana biyan kuɗin makaranta a watan Satumba, tana fara haɗa kayan ɗakin yarinya. Kuma matar da ta kwasa ba ta cike takarda ba, ba ta kai jingina ba. Jinginarta ita ce fuskarta. Idan ta kwasa ta daina zubi, da wane ido za ta shiga gidan suna ko gidan biki a unguwar nan?

Adashe ba na Hausawa kaɗai ba ne a Kamaru. Masu Faransanci suna ce masa tontin, mutanen Bamenda da Buea su ce njangi, kuma 'yan ƙabilar Bamileke sun kai shi matsayin da attajirai ke tara miliyoyi a zama ɗaya, har a yi gwanjon kuɗin, wanda ya fi tayawa ya ɗauka. A nan ne Musulmin Birik da yawa ke ja da baya, saboda gudun riba. Nasu zubi ne da kwasa, abin da ka sa shi za ka ɗauka. Daga ƙasar Hausa kuma wata dabarar ta fita duniya: a 1991 ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, ta ɗora asusu da rance a kan adashen da mata suka riga suka sani, yau ga tsarin nan a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

Me ya sa mutanen birni, ga bankuna a gabansu, suke riƙe da faranti da littafin makaranta? Duk ɗan Kamarun da ya yi wayo kafin 1990 ya san dalili. A ƙarshen shekarun 1980 bankuna suka yi ta durƙushewa da ajiyar jama'a a ciki. A 1993 gwamnati ta zaftare albashin ma'aikata har sau biyu. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Ma'aikacin da ke sayen tsire da shadda ya tsuke aljihu, hukumar birni ta kasa biyan masu kwashe shara, juji ya yi ta tashi a titunan Yawunde. A unguwa irin Birik, mai gangare zuwa rafukan Abiergue da Ekozoa, shara ba ta tsayawa inda aka zubar da ita. Ruwan sama ya kwashe ta, ta toshe lambatu, ruwa ya shiga ɗakunan mutanen da ke kwari.

Cikin wannan hali, a tsakiyar shekarun 1990, mazauna unguwar suka kafa wata ƙungiya da suna na Hausa tsantsa, Sarkan Zoumountsi kamar yadda aka rubuta shi da haruffan Faransanci, wato sarƙar zumunci. Dokar 'yancin kafa ƙungiyoyi ta 19 ga Disambar 1990 ta riga ta buɗe ƙofa. Aikin da suka sa a gaba ba na a zo a gani ba ne: yashe lambatu, gyara lunguna, ɗora 'yan ƙananan gadoji a kan magudanan ruwa, da bin gida-gida ana karɓar shara. Motocin kamfanin kwashe shara na Hysacam suna tsayawa ne a bakin kwalta, inda manyan kwandunan ƙarfe suke. Tsakanin ƙofar gida da wannan kwandon akwai tafiya, wani lokaci da hawan tudu, kuma wannan tazarar ce samari suka cike da baro da shebur da buhu, kowane gida yana ba da ɗan abin da aka yanka a wata. Aikin gayya ne na ƙauye ya shigo birni, sai dai a nan ba tuwon gayya, ɗan abin sabulu ne.

Sarkan Zoumountsi ta yi rajista, ta yi hulɗa da masu ba da tallafi, sunanta ya shiga rubuce-rubucen masana. Galibin takwarorinta ba su kai nan ba, kuma ba su nema ba. Akwai asusun rasuwa na 'yan gari ɗaya, mutanen Garwa ko Marwa ko Ngaundere, wanda ke biyan likkafani da motar maƙabarta, ya ciyar da masu zaman makoki. Akwai mahauta, waɗanda shanunsu ke gangarowa daga Adamawa zuwa mayankar Etoudi, kuma har yau ana karɓar nama da safe a biya da yamma bisa sanayya. Akwai kwamitin masallacin layi, da ke tara kuɗin wuta da na ruwan alwala, ya raba kunu da azumi. Akwai majalisar shayi ta samari, irin wadda ake kira fada a Damagaram da Yamai, wadda dattawa ke yi wa kallon zaman banza, alhali a nan ake jin inda ake neman ɗan acaɓa ko yaron shago.

Kada a ɗauka duk abin gwanin daɗi ne. Uwar adashe takan ɓace da kuɗi, kuma da yake ba takarda, ƙarar takan ƙare a zauren mai unguwa ko gaban liman, a ce a yi haƙuri. Wadda ba ta da abin zubi, wato wadda ta fi kowa buƙata, ita ce ba ta da gurbi a kan tabarmar. Biki da anko kan cinye kwasar da aka yi niyyar sa wa a sana'a. Ƙungiyar da ta samu kuɗin waje kuwa, sau da yawa daga ranar ake fara rigimar wa zai riƙe asusu. Sannan akwai abin da ya fi ƙarfin baro da shebur. Lokacin da Gilbert Tsimi Evouna ke jagorantar hukumar birnin Yawunde, wajen 2008, katafila ta shiga unguwanni da dama, har da wani sashe na Briketeri. Adashe ya iya taimaka wa wanda aka rushe wa gida ya kama haya a wani wuri, amma bai iya tsayar da katafila ba, domin maganar takardar fili ce, mutane da yawa kuma ba su da ita.

Hukuma ta san da kuɗin da ke yawo a waɗannan tabarmi. Da aka kawo dokar kasafin 2022, wadda ta sa haraji a kan ribar kasuwancin ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, sai ƙasa ta ɗauka cewa za a fara yankar adashe, har jami'an ma'aikatar kuɗi suka fito suna bayanin cewa zubi da kwasa ba sa ciki. A wannan shekarar ce kuma aka fara cire kashi 0.2 cikin ɗari na kuɗin da aka tura ko aka cira ta waya. Wannan ya taɓa adashe kai tsaye, domin zubi da yawa yanzu ta Orange Money ko MTN yake zuwa. 'Yar unguwar da aure ya kai Duwala, ko ɗan da ke neman kuɗi a Libreville, suna tura nasu kafin la'asar, a sa hoton shaidar biya a zauren WhatsApp. Uwar adashe ta duba waya, ta buɗe littafinta, ta ja layi a gaban sunan da biro.

(Kiɗan rufe shiri)