Tara Cikakkiyar Lamba da Guntunta

Daga cikin mas'alolin hisabi da ke wahal da ɗalibai, har waɗansu su ɗauka cewa ilmin ne kansa ya ƙi su, akwai tara adadi biyu waɗanda kowannensu cikakkiyar lamba ce tare da guntu, alhali maharajansu, wato lambobin da ke ƙasan layi, sun saɓa wa juna. Misali a ce 2 da sulusi biyu, a ƙara musu 1 da rubu'i uku. Mai gaggawa sai ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa, ya sami 5 bisa 7, wanda ko rubu'i ukun da ya fara da shi bai kai ba, balle jimla.

Dattawan da suka yi ciniki kafin naira ta zo a 1973 ba su buƙatar allo a nan, domin sule kwabo 12 ne: sulusinsa biyu kwabo 8, rubu'insa uku kuwa nai, wato kwabo 9. Idan aka haɗa an sami kwabo 17, a fitar da sule guda a kai shi wajen ukun da aka samu daga tara 2 da 1, sai amsa ta tsaya a 4 da 5 bisa 12.

Amma a ganina waɗanda suka fi kowa tsare wannan babi su ne malaman fara'ili, waɗanda ba su taɓa dukiyar mamaci sai sun fitar da asalin mas'ala, suna duban nisbar da ke tsakanin maharajai. In ɗaya ya shiga cikin ɗaya, kamar 2 da 6, tadahuli ke nan, a ɗauki babban. In ba abin da ya haɗa su, kamar 3 da 4, tabayuni ne, a buga wannan a wancan. In kuwa sun yi tawafuƙi, wato akwai lambar da ke raba su duka biyu, kamar sumunin matar mamaci da sudusin mahaifiyarsa yayin da ya bar ɗa, sai a buga rabin 8 a cikin 6, a sami 24, mata ta karɓi 3, uwa 4, ragowar 17 ta zama ta ɗan. Shi kansa Alhawarizmi, a littafinsa na aljabara da ya wallafa a Bagadaza, kaso mai yawa ya ba wa mas'alolin wasiyya da gado.