YADDA AKE SASSAƘA SANDAR WASAN KURKET DA HANNU

A watan Janairu na shekarar 2025, 'yan matan Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun ci ƙasar Niyuzilan a gasar kurket ta duniya da aka yi a ƙasar Maleshiya. Kafin su, samarinmu sun je irin wannan gasa a Afirka ta Kudu a 1ekarar 2020. Wasan ba baƙo ba ne a Arewa, domin tun zamanin Turawa ake buga shi a makarantu irin su Kwalejin Katsina. Abin da ke hana yara da yawa shiga shi ne tsadar kayan wasa, musamman sandar da ake buga ƙwallo da ita, don daga ƙasashen waje ake kawo ta. A wannan wata za mu bayyana yadda ake yin sandar, da abin da mai koyo zai iya yi da hannunsa.

Mene ne kurket?

Wasa ne da ya samo asali daga kudancin Ingila. Ƙungiya biyu ke karawa, kowacce da mutum 11. Ana kafa turaku uku a ƙasa. Mutum ɗaya ya jefo ƙwallo don ya kayar da su, wani kuma ya tsaya a gabansu da sanda ya tare, ya make ƙwallon ta yi nisa. Ƙwallon ƙarama ce, amma tana da tauri ƙwarai. Da fata ake rufe ta, nauyinta wajen giram 160. Gwanayen jifa sukan sako ta da gudun da ya wuce kilomita 140 a awa ɗaya. Ka ga ke nan ba kowane katako ne zai jure irin wannan duka ba.

Sandar kashi biyu ce. Akwai jiki, wato faffaɗan katakon da ke dukan ƙwallo. Gabansa shimfiɗaɗɗe ne, bayansa kuma yana da tudu kamar doro. Sai kuma ƙota, inda ake riƙewa da hannu biyu.

Dokar awo

Kafin ka taɓa zarto, ka san awon da doka ta yarda da shi. Wata ƙungiya ce a birnin Landan mai suna MCC, wadda aka kafa a 1787, take kula da dokokin wasan. Ga abin da ta tsayar:

Tsawon sanda duka kada ya wuce inci 38.
Faɗin jiki kada ya wuce inci 4 da kwata.
Kaurin jiki a wurin doro kada ya wuce milimita 67.
Kaurin gefe kada ya wuce milimita 40.
Jikin sanda dole ya zama na itace.

Kowace doka da dalilinta. A 1771 wani ɗan wasa ya shigo fili da sanda mai faɗin turakun nan gaba ɗaya, yadda ƙwallo ba ta da hanyar wucewa. Daga nan aka ƙayyade faɗi. A 1979 wani ɗan Ostireliya mai suna Dennis Lillee ya fito da sandar alminiyam, aka ce tana lalata ƙwallo, sai aka kafa dokar itace. Dokar kauri kuwa a 2017 ta fara aiki. Idan ka wuce awo, alƙalin wasa zai ƙi sandarka, wahalarka ta tafi a banza. Yawancin sandunan manya ba su kai inci 38 ba. Sukan tsaya wajen inci 33 da rabi, jiki ya ɗauki kamar inci 22. Nauyinsu daga kilo 1.1 zuwa kilo 1.4.

Itacen da ake amfani da shi

Sunan itacen wilo. Yana son ƙasa mai damshi da bakin rafi a ƙasashe masu sanyi, don haka ba ya fitowa a ƙasarmu. Mafi kyau a gabashin Ingila ake noma shi, a yankunan Esseks da Safok. Yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin a sare. Akwai kuma na Kashmir, wanda ya fi nauyi, ya kuma fi araha. Garuruwan Jalandar da Mirat a Indiya, da Siyalkot a Pakistan, sun yi suna wajen wannan sana'a.

Abin da ya sa aka zaɓi wilo shi ne ba shi da nauyi, kuma idan ƙwallo ta doke shi lotsawa yake yi kaɗan, ba ya saurin tsagewa.

Idan an sare bishiya, sai a yanka gangar jikinta gunduwa-gunduwa, kowace wajen inci 28 zuwa 30. Sannan a faskara kowace gunduwa a bi tsawon itacen. Ana shafa kaki a bakin kowane faskare, sama da ƙasa, don kada ya bushe da sauri ya dare. Sai a jera su a inuwa inda iska ke ratsawa, su yi watanni, wani lokaci har shekara guda. Ɗanyen katako nauyi gare shi, kuma zai karkace bayan ka gama aiki.

Wajen zaɓe, dubi fuskar katakon. Za ka ga layuka a miƙe daga sama zuwa ƙasa. Kowane layi shekara ɗaya ce ta girman bishiyar. Masu sana'ar sun fi son mai layi 6 zuwa 12, miƙaƙƙu, ba tare da gaɓa a tsakiyar fuska ba.

Kayan aiki

Za ka nemi zarto, da abin awo, da fensir, da wuƙar fiƙe itace mai ƙota biyu wadda ake ja da hannu biyu, da abin goge katako irin na kafinta, da magagari, da samfefa mai kaushi da mai laushi, da gam na katako, da zare mai ƙarfi, da guduma ta katako. Ka sami benci mai abin damƙe katako, don kada aiki ya riƙa motsi. Ka wasa kayanka sosai. Dakusasshiyar wuƙa ita ke zamewa ta yanki mai ita.

Mataki na farko: daidaita fuska

Zaɓi gefen da ya fi kyawun layi ya zama gaba. Goge shi ya kwanta sumul. Auna faɗi da tsawo, ka ja layi da fensir, ka yanke abin da ya yi yawa. Ka ja wani layi a tsakiya daga sama har ƙasa, gaba da baya. Shi zai riƙa nuna maka ko aiki ya karkata.

Mataki na biyu: dannewa

Wilo yana da taushi. A masana'anta ana tura shi ƙarƙashin wani inji mai naɗi, ya danne fuska da gefuna har su yi tauri. Idan ba a danne sosai ba, sanda za ta fashe da wuri. Idan aka danne fiye da kima, ƙwallo ba za ta yi tsalle a kanta ba. Mai koyo ba shi da wannan inji. Saboda haka masu sayar da wilo sukan sayar da katakon da aka riga aka danne, har da ƙota a jiki, kai kuma ka ƙarasa sassaƙa. Wanda bai samu ba sai ya yi da gudumar katako, yana bugun fuskar a hankali, kamar yadda masu bugu ke yi wa shadda. Aiki ne na kwanaki.

Mataki na uku: sa ƙota

Ba da wilo ake yin ƙota ba. Da wani kara mai lanƙwasa ake yi, irin wanda ake saƙa kujeru da shi, mafi shahara daga yankin Sarawak na Maleshiya. Ana tsaga shi, a sa siraran faifan roba a tsakani, a manne da gam. Robar ce ke shanye girgiza don kada hannu ya yi tsami idan an doki ƙwallo.

A fiƙe gindin ƙota ya yi tsini kamar bakin mashi. A saman jiki kuma a yanka gurbi mai siffar harafin V daidai da wannan tsini. Nan ne wurin da ya fi wuya. Ka gwada tun ba ka sa gam ba. Idan ka ɗaga wajen haske ka ga rata, gyara. Ba a sa ƙusa ko ɗaya. Idan ya zauna daram, shafa gam, buga ƙotar ta shige, ka ajiye kwana ɗaya cur.

Mataki na huɗu: sassaƙa baya

Damƙe sandar a benci, bayanta a sama. Fara da kafaɗu, wato inda jiki ya haɗu da ƙota, ka rage su su gangaro. Sannan ka fitar da doro a kan layin tsakiya. Wurin da ya fi kauri ya zama kamar taƙi ɗaya daga ƙasa, domin nan ƙwallo ta fi sauka. Daga nan kauri ya riƙa raguwa zuwa sama da zuwa ƙasa. Ka bi yadda layin itace ya kwanta. Idan wuƙa ta fara yage katako, juya ka ɓullo ta ɗaya gefen.

Ka riƙa cirewa kaɗan-kaɗan, dama da hagu daidai wa daida. Abin da wuƙa ta cire ba ya komawa. Bayan ɗan lokaci, kwance sandar, ka riƙe ta kamar za ka buga ƙwallo, ka ɗaga. Idan ka ji nauyi ya taru a ƙasa yana jan hannu, rage a can. Hannu ya fi sikeli gane sanda mai kyau.

Mataki na biyar: gogewa da naɗi

Goge da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Kashe kaifin gefuna su ɗan yi zagaye, don gefe mai kaifi shi ke fara ɓallewa. Masu sana'ar na da sukan murza fuskar da ƙashin ƙafar doki har ta yi sheƙi. Sai ka shafa gam a ƙota, ka naɗe ta da zare tsam-tsam daga sama har kafaɗa. A kai ake zura rigar roba don kada hannu ya zame.

Mataki na shida: mai da horo

Ana shafa ɗanyen man linsid, wanda ake tatsa daga irin wata shuka. Ƙaramin cokali ɗaya ya isa fuska da gefuna da ƙasa. Kada mai ya taɓa mahaɗin ƙota, don yana raunana gam. Kwantar da sandar fuska a sama ta kwana, ka maimaita sau biyu. Mai da yawa yana ƙara nauyi, ya kashe katako.

Daga nan sai horo. Ɗauki gudumar katako ka riƙa bugun fuska, da farko a hankali, kana ƙara ƙarfi. Gefuna a karkace ake bugunsu. Kada ka bugi baya ko mahaɗin ƙota. Jimlar aikin wajen awa 6 ne, a raba shi cikin kwanaki. Sannan a gwada da tsohuwar ƙwallo. Idan ɗinkin ƙwallo yana barin shaida mai zurfi, horo bai isa ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Idan babu wilo fa?

Mai koyo kada ya fara da katako mai tsada. Nemi busasshen katako marar nauyi irin su malaina, ka sassaƙa sanda guda da ƙotarta a haɗe, ba sai ka yanka gurbi ba. Wannan ta isa yara su koyi wasa da ƙwallon tanis ko ta roba. Amma kada a buga ƙwallon fata da ita. Tana iya karyewa, ɓaraguzai su ji wa wani ciwo. Wajen awon yaro, tsayar da sandar a gefensa, kan ƙota ya kai saman cinyarsa. Sandar da ta fi ƙarfin yaro tana ɓata masa hannu tun yana ƙarami.

Wani zai ce, gora fa? A 2021 masana a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun yi sanda da gora, suka ga tana da ƙarfi amma ta fi wilo nauyi. MCC ta ce a lokacin doka ba ta yarda da ita ba, domin gora dangin ciyawa ce.

Idan ka gama sandarka, ka ajiye ta a ɗaki mai inuwa. Kada ka bar ta a rana, ko kusa da murhu, ko a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Lokacin hunturu iska na busar da katako, sai ka ɗan shafa mata mai. Wanda ya karanta wannan bayani ya taimaka ya karanta wa kafinta ko masassaƙin garinsu. Mai iya fitar da ƙotar fartanya da turmi, wannan aiki ba zai gagare shi ba.