Ayrton Senna, Zakaran Tseren Mota na Birazil: Gwanintarsa da Ajalinsa



Na tabbata ba a rasa wanda ya ga kan wannan lacca ya ce a ransa, ina ruwan mutumin Ɗankaza da wani direban tsere na ƙasar Birazil? Wanda ya yi wannan tambaya bai yi laifi ba. Amma duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Wudil zuwa Kano ran kasuwa, ya ga yadda direbobi ke rige-rige, kowa na son ya sauke ya dawo ya sake lodi, ya san maganar gudu ba baƙuwarmu ba ce. Mukan yabi direba mu ce ƙafarsa ba ta sauka daga totur, in kuma ya kashe mutane mu ce tsautsayi ne. Mutumin da zan ba ku labarinsa gudu ne sana'arsa, a kansa ya yi suna, a kansa kuma ya mutu. Abin da ya sa na zaɓe shi shi ne, an binciki gwanintarsa da mutuwarsa dalla-dalla, har ana iya gane inda sani ya tsaya, da inda ganganci ya soma.

Bari in fara bayyana irin tseren. Ana kiransa Fomula Wan, an kuwa soma gasarsa ta duniya cikin 1950. Motocin masu kujera ɗaya ne, a zamanin Senna kan direba a waje yake ba rufi, sai hular kwano. Ana yin tseren a kan hanya ta musamman mai zagayowa, mai kwanoni da yawa, a yi ta kewayawa har a ci kimanin kilomita 300. Kafin ranar tsere akan gwada kowa shi kaɗai da agogo, wanda ya fi saurin kewayawa shi ke tsayawa a sahun gaba. A lokacin akan yi tsere 16 a shekara a ƙasashe dabam-dabam, wanda ya fi tara maki shi ne zakaran duniya.

An haifi Ayrton Senna da Silva a birnin Sao Paulo ran 21 ga Maris, 1960. Ɗan masu hali ne, kada wani ya zaci labarin talaka ne da ya yi arziki. Yana da shekara 4 mahaifinsa ya ƙera masa 'yar ƙaramar mota irin wadda ake kira kat, yana da 13 ya soma gasa da ita, cikin 1977 ya zama zakaran Kudancin Amurka. Ya tafi Ingila cikin 1981, ya yi ta hawa mataki-mataki yana cin kambu a ƙananan gasa shekara uku a jere, sannan ya shiga Fomula Wan cikin 1984. Ya tarar da 'yan ƙasarsa biyu sun share masa hanya, watau Emerson Fittipaldi wanda ya ci kambun duniya a 1972 da 1974, da Nelson Piquet wanda a lokacin ya riga ya ci sau biyu.

Ruwan sama ne ya fito da shi. A Monako cikin 1984, da motar Toleman wadda ba a lissafa ta cikin manya, ya tashi a na 13 ana tafka ruwa, ya yi ta wuce gwanaye har ya zama na biyu, yana dab da cim ma Alain Prost na Faransa aka tsai da tseren saboda ruwan ya yi yawa. Nasararsa ta farko ma cikin ruwa ya same ta, a Fotugal cikin 1985, da motar Lotus. Ya kamata mu tsaya a nan kaɗan, domin a nan ne ilmin yake. In kwalta ta jiƙe, ruwa kan shiga tsakanin taya da hanya, riƙon taya ya ragu, birki ya ƙi ci da wuri. Bugu da ƙari, layin da motoci suka saba bi ya sha robar taya da mai, saboda haka shi ya fi ko'ina santsi in an yi ruwa. Senna yakan bar wannan layi ya nemi gefen da kwalta ke da kaushi, yana lallaɓa totur, yana jin motsin mota a jikinsa kamar yadda gwanin sukuwa ke jin doki ta cinyoyinsa tun kafin ya yi tutsu. An ba da labari cewa tun yana yaro ya sha kashi a tseren farko da ya yi cikin ruwa, daga nan duk ran da hadari ya taso sai ya ɗauki motarsa ya tafi gwaji. Yakan kuma zauna da injiniyoyi awoyi bayan an tashi, yana zayyana musu abin da mota ta yi a kowace kwana. Abin da 'yan kallo ke ɗauka ƙarfin hali ne, yawancinsa karatu ne da maimaici.

Cikin 1988 ya koma kamfanin McLaren, ya tarar da Prost a can. Kar ta san kar ke nan. A wannan shekara su biyu suka cinye tsere 15 daga cikin 16, Senna 8, Prost 7, Senna ya zama zakara. Daga nan zumunci ya lalace. A Suzuka ta ƙasar Japan cikin 1989 suka yi karo, aka kori Senna daga sakamakon, Prost ya ɗauki kambu. Da shekara ta zagayo, a wannan fili dai, Senna ya afka wa motar Prost a kwanar farko suna cikin matsanancin gudu, duka biyu suka fita, kambu ya dawo hannunsa. Bayan shekara guda ya amsa da bakinsa cewa da gangan ya ƙi kaucewa, saboda yana ganin an zalunce shi. Masoyansa ba su son a ta da wannan magana, amma a ganina ba ta da wani suna sai ganganci, domin akwai motoci fiye da 20 a bayansu. Abin mamaki, mutumin nan ne kuma cikin 1992 a Beljiyam ya tsai da motarsa a tsakiyar gwaji, ya ruga da ƙafa ya kashe injin motar Erik Comas wanda ya yi haɗari ya suma a ciki.

Ya ci kambu na uku cikin 1991. A wannan shekara ce ya fara cin tsere a gaban mutanen garinsu, bayan giyoyin motarsa sun lalace ya ƙarasa da giya ta shida kaɗai, ya gaji har sai da aka ciro shi daga mota. Jimla ya ci tsere 41, ya tsaya a sahun gaba sau 65.

To, sai 1994. Ya koma kamfanin Williams daidai lokacin da aka haramta na'urorin da ke taimaka wa direba daidaita mota, motar ta zama mai gardama, ya kasa ƙarasa tsere biyu na farko. Na uku a Imola ne, ƙasar Italiya. Ran Juma'a ɗan ƙasarsu Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ran Asabar Roland Ratzenberger na Ostiriya ya mutu a gwaji. Likitan gasar, Farfesa Sid Watkins, ya ba Senna shawarar ya bar tsere haka nan, bai yarda ba. Ran Lahadi, 1 ga Mayu, a zagaye na 7, yana kan gaba, motarsa ta ƙi shan kwanar da ake kira Tamburello tana gudun fiye da kilomita 300 a awa. Ya taka birki, amma ta daki bangon kankare da gudun fiye da 200. Tayar gaba ta dama ta ɓalle da ƙarafanta ta same shi a ka. Ya cika da yammacin ranar a asibitin Bologna, yana da shekara 34. An sami tutar Ostiriya a naɗe cikin motar, wadda ya yi niyyar ɗagawa don tunawa da Ratzenberger. Gwamnatin Birazil ta sa aka yi zaman makoki na kwana uku, kuma kafin ƙarshen shekarar 'yar'uwarsa Viviane ta kafa gidauniya da sunansa don ilmin yara.

Yanzu ina roƙon ma'aikatan da ke nan su ba ni hankalinsu. Kwanar Tamburello ta daɗe tana gargaɗi. Piquet ya daki bangonta cikin 1987, Gerhard Berger ya dake shi cikin 1989 har motarsa ta kama da wuta. Berger ya faɗi cewa shi da Senna sun je sun duba ko za a iya matsar da bangon baya, suka tarar da kogi a bayansa, suka haƙura. Babu wanda ya yi tunanin sake fasalin kwanar kanta sai da ta ci rai. A hanyoyinmu ma kowane direba ya san kwanar da ke cin mutane, da gadar da ta yi ƙunci, da inda kasuwa ta cinye kwalta. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya tana nan tun 1988, amma sau da yawa in an ce direba ya yi gudu, magana ta ƙare ke nan, ba mai komawa ya tambayi hanyar ko motar.

A Imola ba a rufe maganar haka ba. Kotunan Italiya sun yi ta shari'a har 2007, suka tsaya a kan cewa sandar sitiyari, wadda aka yanke aka yi wa walda, ita ce ta karye, ko da yake akwai masanan da ke ganin cikin motar ne ya gogi ƙasa ta kuɓuce. Hukumar tseren kuwa ba ta jira hukunci ba. Ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Watkins, aka ƙayyade gudu a wurin da makanikai ke canza taya, aka karya Tamburello ta zama kwanoni masu tilasta rage gudu, aka ɗaga gefen mazaunin direba cikin 1996, aka ɗaure tayoyi da igiyoyi masu ƙarfi cikin 1999, aka wajabta abin tallafar wuya cikin 2003. Hukumar ta kuma mara wa shirin gwada ƙarfin motocin gida baya, wanda aka soma a Turai cikin 1997, ana daka sabuwar mota da bango a ba ta taurari gwargwadon yadda ta kare na ciki. Da yawa daga motocin da ake shigo mana da su daga can sun bi ta wannan gwaji.

An yi shekara 20 ba a sake haɗarin da ya kashe direba a tseren Fomula Wan ba, sai na Jules Bianchi a Suzuka cikin 2014, wanda ya rasu cikin 2015. Bayansa aka ƙara ƙarfen kare kai cikin 2018. Cikin 2020 a Bahrain motar Romain Grosjean ta huda shingen ƙarfe, ta rabe biyu, ta kama da wuta. Ya yi kusan rabin minti a ciki, sannan ya fito da ƙafarsa, da ƙuna a bayan hannuwansa.