Dokta Ya Koma Almajiri

A ƙasar Amurka akwai wani aiki wanda ko mutum ya kai matuƙar karatun jami'a, ya sami digiri na uku har ana kiransa Dokta, ba a yarda ya kama shi ba sai ya sake zama shekara biyu a ƙarƙashin wani yana koyo. Aikin kuwa shi ne shugabancin ɗakin awo na asibiti, inda a ke binciken cututtukan da mutum ya ke gada daga iyaye. Mun san da yawa cikin masu karatu, musamman malaman makaranta, za su ce, to, me kuma ya rage a koya wa wanda ya yi wajen shekara goma a jami'a? Tambayar tana kan hanya, amma amsarta ba ta fita sai an san irin aikin tukuna.

Jikin ɗan Adam an gina shi ne da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. A cikin kusan kowace ƙwaya akwai waɗansu 'yan ƙulle-ƙulle kamar zare a jikin mazari, masana suna kiransu kuromosom. Guda 46 ne, 23 daga wajen uwa, 23 daga wajen uba. Kada jama'a su zaci ƙidayar nan tsohuwa ce. Shekara talatin da 'yan kai masana suna rubuta 48 a cikin littattafai, malamai suna koyarwa, yara suna haddacewa, sai a 1956 Joe Hin Tjio da Albert Levan suka ƙirga sosai a birnin Lund na ƙasar Suwidin, suka ga 46 ne. Shekara uku bayan haka, watau 1959, waɗansu masana a Faransa suka gano cewa yaran da a ke haifa da lalurar nan mai sunan likita Down suna da 47, domin kuromosom na 21 ya zo musu guda uku maimakon biyu. Daga nan ne ƙidayar kuromosom ta zama aikin asibiti.

In an warware zaren nan, wanda a ke kira Di'en'e, sai a tarar kamar rubutu ne da baƙaƙe huɗu kaɗai, A da C da G da T, suna ta maimaituwa har wajen miliyan dubu uku. A shekarar 2003 aka ba da sanarwar gama aikin farko na karanta shi. Baƙi ɗaya tak in ya sauya a wuri mai muhimmanci ya isa ya jawo cuta. Misalin da kowa ya sani a ƙasarmu shi ne amosanin jini, wanda a ke ce wa sikila: baƙin A ne ya koma T a wuri guda, shi ke nan, ƙwayoyin jini suka riƙa lanƙwashewa kamar lauje.

To, mu koma kan almajircin. Hukumar da ta ke jarraba masu wannan aiki a Amurka, wadda a ke taƙaita sunanta da ABMGG, an kafa ta a 1980. Tana karɓar mutum iri biyu, wanda ya yi digiri na uku a ilmin gado ko wani ilmi makusancinsa, da kuma likita. Wanda ya yi karatunsa a wata ƙasa sai hukumar ta duba takardunsa ta yarda da su kafin ya shiga. Da can mai duba kuromosom da horonsa dabam, mai karanta baƙaƙen Di'en'e da nasa dabam. A 2017 aka gama su wuri ɗaya, horon wata 24, gama ayyukan biyu sun shiga juna har ba a iya raba su. Akwai kuma wani reshe mai zaman kansa, shi ma shekara biyu, na masu auna sinadaran jini da fitsari, don gane cututtukan gado da su ke hana jikin jariri sarrafa abincin da ya ci. Wuraren horon ba su da yawa, masu nema kuwa sun fi wuraren nesa ba kusa ba. Ana biyan mai koyo albashi, amma ba ya sa hannu a takarda shi kaɗai.

Cikin shekarun nan biyu yana riƙe da littafi, inda ya ke rubuta kowane awo da ya sa hannu a cikin aikinsa, da abin da ya yi a kai. Ba a karɓar littafin in awon ya kasa adadin da hukumar ta ƙayyade, kuma dole su kasance iri-iri: na ɗan da ke ciki, na jariri, na babba, na ciwon daji. Bayan haka ya zauna jarrabawa, ɗaya a kan ilmin gado baki ɗaya, ɗaya a kan reshensa. Mu da mu ke aikin horar da malamai ba mu ga baƙon abu a nan ba. Ɗalibi ya kan ci jarrabawar lissafi da kyau, a tsai da shi gaban aji ya rasa ta inda zai fara, shi ya sa a ke tura shi koyon koyarwa ana zaune a bayan aji ana dubansa. Bambancin kawai, kuskuren sabon malami ana gyara shi washegari.

Abin da ya sa dokar Amurka ta sa baki ke nan. Tun 1988 akwai dokar ƙasa da ta tsara ɗakunan awo na asibiti, ta kuma ce mai digiri na uku ba ya shugabancin ɗakin da a ke awo mai wuya sai da shaidar wata hukuma da Gwamnati ta amince da ita. Mai bincike a jami'a in ya yi kuskure, wani ya gyara masa a rubutu na gaba, ilmi ya ƙaru. Shugaban ɗakin awo kuwa takardarsa ba ta zuwa wurin 'yan'uwansa masana, likita ta ke zuwa wa, daga likita sai gidan mutane. A kanta a ke yi wa mace tiyata ko a fasa, a kanta a ke ɗaura aure ko a janye.

Wani zai ce ai yanzu na'ura ce ke karatun. Gaskiya ne, na'ura tana karanta Di'en'en mutum duka cikin 'yan kwanaki. Amma in aka gwada na kowane mutum, ko mai cikakkiyar lafiya, da wanda aka ajiye a matsayin ma'auni, a kan sami bambanci a wuri miliyan huɗu zuwa biyar. Kusan dukansu ba su da wata illa, irin bambancin da ke sa wannan dogo wancan gajere ne, ko kuma ba sa yin komai sam. Na'ura ta zube su gaba ɗaya, sauran aiki ya koma hannun mutum: wanne ne cikinsu ya kwantar da yaron nan? Dole ya duba ko sauyin yana da yawa a cikin masu lafiya, ko yana tafiya tare da cutar a cikin dangi, ko iyaye suna da shi ko kuwa a jikin yaron ya fara, ko an taɓa gwada shi aka ga yana ɓata aikin sinadarin da ya shafa. A 2015 ƙungiyoyin masana biyu na Amurka suka tsara ƙa'ida, suka ce kowane sauyi a sa shi a ɗaya daga mataki biyar: mai kawo cuta, mai yiwuwa ƙwarai yana kawo cuta, wanda ba a san matsayinsa ba, mai yiwuwa ƙwarai ba shi da illa, da marar illa.

A ganinmu matakin nan na tsakiya shi ne zakaran gwajin dafin horon duka. Mutumin da aka saba yabonsa saboda kaifin basira, ga likita yana jira, ga iyaye sun ƙosa su ji dalilin ciwon ɗansu, ba ƙaramin abu ba ne ya ɗauki alƙalami ya rubuta cewa an ga sauyi amma hujja ba ta kai a ɗora masa laifi ba. Zuciya tana son ta ba da amsa. Shekara biyun nan, zaune kusa da wanda ya daɗe a aikin, yana ganin ana mayar masa da takardarsa ana cewa ina hujjarka, ita ke koya masa tsayawa inda shaida ta tsaya.

Ga abin da ya faru da aka yi gaggawa. Akwai wani ciwon zuciya na gado da ke sa naman zuciya ya yi kauri, har ya kan kashe saurayi farat ɗaya yana cikin wasan guje-guje. A 2016 waɗansu masana na Jami'ar Harbad suka buga bincike da ya nuna an ba waɗansu mutane takarda cewa suna ɗauke da sauyin da ke kawo ciwon, alhali daga baya aka tabbata sauyin ba shi da illa. Da aka duba, sai aka ga sauye-sauyen nan sun fi yawa a jikin baƙaƙen fatar Amurka. Dalili kuwa, masu binciken farko sun gwada marasa lafiya ne da Turawa masu lafiya, suka ga Turawan ba su da sauyin, suka ce lalle shi ne cutar. Da sun sa baƙar fata ko kaɗan cikin masu lafiyan da sun ga abu ne gama-gari. Irin wannan takarda ta kan cuci mutum biyu. Wanda aka ce yana da sauyin ya zauna cikin fargaba, a hana shi wasa, wanda aka ce ba shi da shi kuwa ya saki jiki, alhali ainihin abin da ke yawo a danginsu ba a gano shi ba.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, gama mutanen Afirka sun fi na kowace nahiya yawan bambancin gado a tsakaninsu, su ne kuma aka fi ƙarancin aunawa. A 2020 masanan wani shiri mai suna H3Africa suka karanta Di'en'en mutum 426 daga ƙabilu 50 na Afirka, har da Birom na Nijeriya, suka sami sauyi fiye da miliyan uku waɗanda ba a taɓa rubutawa ba. Mutum 426 kacal! Ke nan duk wanda zai karanta awon Bahaushe ko Babarbare da ma'aunin da aka tara daga Turai, tilas ya yi taka-tsantsan ninki biyu.

Ba fassara kaɗai a ke koyo ba. Rabin horon abubuwa ne da mai digiri zai iya rainawa: yadda a ke karɓar kwalbar jini a tabbata sunan da ke jikinta na mai ita ne, yadda a ke jarraba sabon awo da jinin da aka riga aka san amsarsa kafin a yi wa marar lafiya, abin da za a yi ranar da na'ura ta fara ba da amsa karkatacciya. Daga waje a kan aiko wa ɗakin awo da samfur ba tare da amsa ba, don a ga ko za su dace. Akwai kuma rufin asiri. Awon da aka yi don neman cuta ya kan tono abin da ba a nema ba, kamar a ga jinin yaro bai yi daidai da na wanda a ke kira ubansa ba, ko a ga alamar wata cuta dabam da za ta zo bayan shekaru. Me za a rubuta, me za a bari, wa za a gaya wa? Duk suna cikin abin da a ke zama a tattauna da likitoci da masu ba iyali shawara.

A Ingila hanyar ta ɗan bambanta. Can a kan ɗauki mai digiri ya yi horon shekara uku a asibitocin Gwamnati, sa'an nan wanda ke neman babban matsayi ya ƙara shekara biyar, da jarrabawar ƙungiyar likitocin awo ta ƙasar. Tsarin dabam, manufar ɗaya.

A nan gida kuwa awon gadon da ya fi shiga rayuwar jama'a shi ne na sikila. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haifar jarirai wajen 150,000 da ciwon a Nijeriya kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da rabinsa, watau AS. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa SS, ba wai ɗa ɗaya cikin kowane huɗu ba, yadda waɗansu su ke ɗauka. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta awo kafin aure, har da wannan. Doka ta yi kyau, amma nauyinta duka ya koma kan mai awon. Wannan awo ya fi na Di'en'e sauƙi nesa, duk da haka yana da tarkunansa. Mai SS da aka ƙara wa jini kwanan nan ya kan fito kamar AS. Akwai waɗansu irin jini, D da G, da ke tsayawa wuri ɗaya da S a kan takardar awon da aka fi amfani da ita, sai an sake gwadawa ta wata hanya a ke raba su. Jinin jariri sabon haihuwa kuma da nasa hukuncin. Wanda bai zauna ƙarƙashin gwani ya ga waɗannan da idonsa ba, zai buga hatimi da zuciya ɗaya, iyali su tafi da takardar.

Saboda haka malamin da ya ga yaro mai son ilmin halittu, mai haƙuri da ƙidaya, wanda ba ya jin kunyar cewa a sake dubawa, ya iya nuna masa wannan hanya, amma ya gaya masa tsawonta. A tsarin Amurka shekara huɗu ce ta digirin farko, biyar ko shida ta digiri na uku, biyu ta horo, sa'an nan jarrabawa. Bayan ya ci ma hukumar tana ci gaba da bibiyarsa tana neman shaidar bai tsaya da karatu ba, domin sauyin da aka ajiye a mataki na tsakiya bana, baɗi sabuwar hujja ta iya matsar da shi sama ko ƙasa. In haka ta faru, ɗakin awon ya kan buɗe tsohon fayil, ya rubuta sabuwar takarda, ya aika wa likitan da ya turo jinin tun farko.