Hawan Soro Da Hawan Jigon Jirgi

Duk wanda ya zauna cikin birnin Kano ya san abin da bazara ta kan zo da shi. Da gajimare ya fara haɗuwa gabas, sai ka ga tsani jingine da bango a lungunan Yakasai da Dala da Madabo, magina na bisa suna yaɓe, yara na miƙa musu kwaɓi. Ginin ƙasa haka ya ke, kowace shekara sai an taɓa shi. Gidan Makama, wanda aka kafa tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), da hannun magina ya kawo yau. Maganata a kan mutumin da ke bisa ce, da yadda zai sauko lafiya.

Wata shekara na je duba wata makaranta, na tarar an kai wani yaro asibiti da karaya a hannu. Indararo ne ya toshe, babban malami ya sa shi ya hau ya buɗe. Yaron kuwa mai hankali ne, ya ɗauki igiyar guga ya ɗaura a zanko, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa. Ashe ruwan bara ya ci gindin zankon, yaɓe ne kawai ya rufe ɓarnar. Da ya jingina, sai zanko da igiya da yaro suka taho ƙasa tare. Allah ya sa a kan tsibin yashi ya faɗa.

Zanko, watau ƙahon nan da ke kusurwar soro, mutane da yawa ado kaɗai su ke ɗaukarsa. Magina kuwa sun ce tun asali wurin dafawa ne da rataya igiya in za a hau gyara. Gaskiya ne, amma zanko ƙasa ce, kuma shi ne ya fi kowane sashi na gini shan ruwa da rana. Tsohon magini ba ya amince masa sai ya bubbuga shi da hannu ya ji ƙararsa, ya duba ko akwai tsaga inda ya haɗu da rawani.

A nan ne na ke so mu ari darasi daga mutanen teku. Alhazanmu na da, waɗanda suka bi ta Barno da Darfur har Sawakin, da yawansu a jiragen ruwa masu filafilai suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. Irin wannan jirgi yana da doguwar sanda a tsakiya wadda ake ɗaga filafilai a kanta, ana ce mata jigo. In igiya ta maƙale a ƙoli, tilas wani ya hau, ga shi kuwa jigon na lilo da shi, gama ɗan motsin da jirgi ya yi a ƙasa, a bisa ya kan zama babba.

Masu irin waɗannan jirage a Turai da Amurka yanzu suna da ƙa'ida. Mai hawa ya kan zauna cikin wata 'yar kujera ta katako ko ta zane mai kauri, abokinsa na ƙasa ya ja shi da igiya. Amma ba a yarda ya hau da igiya ɗaya ba. Sai an ɗaura masa ta biyu daban, wadda ba ta haɗa maɗauri da ta fari ba, ana tsuke ta yayin da ya ke hawa, don in waccan ta tsinke wannan ta riƙe shi. Da ƙulli ake ɗaurawa, ba a dogara da ƙugiyar da ta kan buɗe da kanta. Kafin ya yi nisa, sai ya saki nauyinsa duka a kan igiyar yana kusa da ƙasa, ya gwada ta. Kayan aikinsa cikin jaka su ke a ɗaure, kuma ba mai tsayawa ƙarƙashinsa. Da yaron nan ya sami igiya ta biyu, ɗaure a wani abu da ba zanko ba, da tsoro kaɗai zai sha.

Tsani ma yana da lissafinsa, wanda ɗan aji huɗu zai iya yi. In tsawon bango ƙafa 12 ne, gindin tsani ya nisanci bangon da ƙafa 3, watau ɗaya cikin huɗu, kansa kuma ya zarce bakin soro da kamar ƙafa 3, don mai hawa ya sami abin riƙo. Wani ya riƙe gindin, ko da akuya ce za ta gifta. A lungunan birni akwai kuma wayar lantarki, wadda kakanninmu ba su yi fama da ita ba. Tsanin ƙarfe kusa da ita ganganci ne.

Bisa soron kansa, a bi gefen bango, inda azara ta fi ƙarfi. Giginya ba ta cika jin tsoron gara ba, amma tana ruɓewa inda ruwa ya daɗe yana zama, rufin da ya jiƙe kuma nauyinsa ya ƙaru tun ba a taka shi ba. Laso, wanda ake haɗawa da katsin marina irin ta Ƙofar Mata, yana tsare ruwa ƙwarai, sai dai yana da santsi in ya jiƙe. Inda aka mai da rufi na kwano, a taka kan layin ƙusa.

To, malamai, kada a ƙara tura ɗan makaranta bisa soro. Iyayensa karatu suka kawo shi. Ku kuma akawuna, in kuna rubuta kuɗin gyaran gini, ku sa layi biyu da a kan manta da su: kuɗin sabuwar igiya, da ladan mutum na biyu da zai tsaya ƙasa. A fara aiki da sassafe kafin rana ta yi zafi, in kuwa iskar hadari ta taso, a sauko a bar sauran sai gobe.