Kaset Na Lalacewa, Tarihi Na Salwanta A Ƙananan Tashoshi

A ɗakunan ajiyar ƙananan gidajen talabijin, kaset-kaset na VHS suna jibge cikin zafi da laima, ɗauke da hawan salla, naɗin sarauta da muryoyin dattawan da suka kwanta dama. Kamfanin Funai na Japan, na ƙarshe mai ƙera na'urar kunna su, ya daina a 2016. Wadda ta mutu yau, sai dai a nemi ta hannu.

Wurin zuba hotunan ya samu: kaset ɗin LTO-9 guda yana ɗaukar terabait 18. Aikin da ake gudu shi ne rubuta wa kowane fayil suna, rana da wurin ɗauka, tun tsofaffin ma'aikatan da suka san fuskokin ba su yi ritaya ba.